Ku daina yi wa littattafan Hausa kuɗin goro

Rubutun yau da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya samu sarari.

Ranar Talatar da ta wuce na fito daga gida a Dutsen Kura da sassafe, na hau keke napep zuwa Kpakungu, na shiga motar Gidan Kwano. Da muka ɗauki hanyar Bida sai na ciro littafi daga jaka. Wani abokin karatuna da muke mastas tare ya leƙo daga kujerar baya, ya ga bangon, ya kwashe da dariya har mutane suka waiwayo. Wai, "Haba mutumina, kai da kake shirin difens, littafin soyayya kake karantawa? Wannan ai na matan da ke zaman kicin ne."

Na ce masa ka taɓa karanta shi? Ya ce Allah ya kiyaye. Na ce to wane littafin Hausa ka taɓa kai wa ƙarshe? Ya ce tun Magana Jari Ce na sakandare bai sake taɓa wani ba, amma dai ya san duk shirme ne. Mutumin nan fa a lokacin akwai James Hadley Chase a cikin jakarsa.

Ban tanka masa a mota ba, don ba na son hayaniya da safe. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Na ji ta a hostel, na ji ta a laburare, na ji ta daga bakin masu digiri biyu. To ga amsata. Daga hutun samista zuwa yau na karanta littattafai shida, huɗu na Hausa, biyu na Turanci. Zan faɗi ra'ayina a kan kowanne, har da waɗanda suka ba ni haushi.

Na farko shi ne wanda aka yi mini dariya a kansa, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Duk wanda ya kira shi littafin soyayya ya tona wa kansa asiri, bai buɗe shi ba. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, mai 'ya'ya tara. Kuɗin cefanen da yake ba ta ba ya isa, ga shi yana kashe dukiya a waje. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da yaranta. Ta koma sayar da abinci tana riƙe gida tana biyan kuɗin makaranta. Ina soyayya a nan? Lissafi ne na kwanon shinkafa da kuɗin haya da ranar da yaro zai kwanta ciwo. Ƙarshensa ya ƙona mini rai. Bayan gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu ya tsiyace, sai aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma masa. Na yi jifa da littafin kan katifa. Da na huce sai na tambayi kaina, a unguwarmu fa yaya irin wannan take ƙarewa? Haka take ƙarewa. Marubuciyar ba ta yi mana ƙarya don mu ji daɗi ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya mai suna Blaft ya fitar da fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Wato 'yan Indiya sun ga abin da za su sa kuɗinsu a kai, ɗan mastas na Minna kuwa dariya ya gani.

Na biyu, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982. Masu son Chase, ga naku nan da harshenku. Mailoma ya fito daga yaƙin basasa, ya tara miyagu, ya tara makamai, ya mai da kisa sana'a. Na kwana biyu ina karanta shi da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, na kasa ajiyewa. Laifinsa a wurina, jinin ya yi yawa, wani wurin kamar marubucin yana jin daɗin zubar da shi, kuma Mailoma ya cika tsallake mutuwa kamar jarumin fim ɗin Indiya. Amma ku duba abin da mutumin ya hango: makamai sun bazu bayan yaƙi, matashi ya koyi harbi bai koyi sana'a ba, daji ya zama mafaka. Mu 'yan jihar Neja da muka ga abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021, muke kuma jin labarin Shiroro da Munya, ba ma buƙatar a fassara mana wannan littafin. An rubuta shi fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Na uku, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata. Yaro ne mai suna Kilba, wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. A gaskiya kimiyyar cikinsa ba ta da ƙarfi, ya fi kusa da tatsuniya, kuma don yara aka yi shi. Amma kunya ya ba ni. Wani ya zauna a 1969 ya nemo kalmomin Hausa da zai kwatanta tafiya sama da su. Mu da muke jami'ar fasaha, muna da injiniyoyi da masu ilimin kwamfuta, a cikinmu wa zai iya yi wa kakarsa bayanin furojet ɗinsa da Hausa na minti biyar ba tare da ya tsere zuwa Turanci ba? Ni dai na gwada da mahaifiyata, na sha kunya.

Na huɗu, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim. Wannan abokin nawa yana yabonsa sosai, kuma ya cancanci yabo. Ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, dala 100,000. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55 da rikicin Jos ya raba da mijinta, ta faɗa tarayya da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, wanda ta haifi sa'ansa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kunyar ɗan fari, yadda uwa ba ta iya kiran sunan ɗanta har ya mutu ba ta nuna masa so ba. Rubutu ne mai kyau, ban da ja. Amma ina da tambaya. Da wata mata a Kano ce ta rubuta wannan labarin da Hausa, ta buga shi da bango mai hoton fure, me za ku kira shi? Batsa za ku ce, ku nemi a hana sayar da shi. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano a gaban hukuma, da sunan gyaran tarbiyya. Labari iri ɗaya, in ya zo da Turanci da dala ya zama adabi, in ya zo da Hausa ya zama abin ƙonawa. Wannan ba tarbiyya kuke aunawa ba, harshe kuke aunawa.

Na biyar, Witnesses to Tears na marigayi Abubakar Gimba, namu na jihar Neja, wanda ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, ya rasu a 2015. Allah ya jiƙansa. Na san wasu za su ji haushina, amma a cikin shidan nan shi na fi shan wahalar gamawa. Saƙonsa a kan son abin duniya da cin amana gaskiya ne. Sai dai na kirki a cikinsa ya cika kirki, mugu ya cika mugunta, mutanen kuma in sun buɗe baki kamar lakca suke yi. Wannan shi ne ainihin laifin da kuke ɗora wa marubutan Hausa, wai wa'azi ya yi musu yawa. To ga shi da Turanci, ban taɓa jin wani ya ce saboda haka a daina karanta littattafan Turanci ba.

Na shida, don kada a ce na zo kare ɓarna. Na biya naira 500 aka sa ni a wani gurup na WhatsApp inda ake sakin wani labari kullum da dare. Ba zan faɗi sunansa ba. Wallahi shara ne. Saurayi ɗan Abuja mai kamfani bakwai, shafi uku ana kwatanta motarsa, biyu ana kwatanta gashin yarinya, rabin zancen Turanci ne karyayye, sauran kuma abin da ba zan so ƙanwata ta gani ba. Dalilin a fili yake. Mai rubutun tana samun kuɗi ne muddin 'yan gurup ba su watse ba, dole ta ja labarin kamar cingam, ta riƙa zuba yaji duk inda ya fara sanyi. Babu edita, babu mai ce mata cire wannan. Littattafan da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a da sai sun bi ta hannun masu tacewa. Irin wannan na gurup na soke shi, zan kuma sake sukarsa. Amma na soke shi ne bayan na karanta, kuma shi kaɗai na soka, ban haɗa da Balaraba ba.

Abin da nake cewa ke nan. Huɗu na Hausa: ɗaya na zaman aure da talauci, ɗaya na ta'addanci, ɗaya na sararin samaniya, ɗaya shara. Ta yaya mai hankali zai zuba su a buhu ɗaya ya rubuta "soyayya" a jiki? A ajinmu in ka kawo sakamako ba ka nuna inda ka samo bayananka ba, sufabaiza zai dawo maka da takardarka da jan biro. Amma a kan adabin harshen uwarka ka yanke hukunci ba ka karanta ko ɗaya ba, kana kuma jin kai wayayye ne.

Wannan gardama ma ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan nan suna Adabin Kasuwar Kano yana sukarsu, Abdalla Uba Adamu ya fito yana kare su, aka yi ta fafatawa a jaridu. Bambancinsu da ku, su sun karanta kafin su yi magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a jihar Neja ake wannan rainin. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, littattafai biyar ta fitar, biyu daga ciki na 'yan Kagara ne, wa da ƙani: Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Muna alfahari an haifi Cyprian Ekwensi a Minna a 1921, an haifi Ben Okri a nan a 1959, wanda ya ci kyautar Booker a 1991. Madalla, ni ma ina alfahari. Amma An African Night's Entertainment na Ekwensi da kuka karanta a sakandare kuna jin daɗi, masana sun daɗe da nuna cewa labarinsa na Jiki Magayi ne, ɗaya daga cikin biyar ɗin can na gasar 1933. Kun ci tuwon gidanku a kwanon aro kun ce ya fi daɗi. Shi kuwa Chase da ke jakar abokina, Baturen Ingila ne da ya riƙa rubuta labaran 'yan daban Amurka da taimakon taswira da ƙamus na karin maganarsu. Ban ce kada a karanta shi ba, ni ma na karanta. Amma adabin kasuwa ne shi ma, kasuwar ce kawai ba ta Kano ba.

Saura maganar "matan da ke zaman kicin", wadda ita ce ta hana ni barci. Yayata a aji biyu na sakandare aka cire ta aka yi mata aure. Da littattafan nan ta riƙe karatunta, tana karɓar haya a wurin mai shago, tana karantawa bayan ta sauke tukunya. A hannunta na fara ganin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba. Ita ta zaunar da ni ta koya mini haɗa baƙi da wasali tun kafin malamin firamare ya san sunana. Yau ita ke duba aikin gida na 'ya'yanta, kuma ta rantse babu 'yarta da za a cire daga makaranta. Ni da na kai mastas, a kicin ɗin nan karatuna ya fara. In ka raina abin da ya riƙe mata biro a hannu, ita ka raina.

Ban ce kowa sai ya so littafin Hausa ba. Karanta ka ce bai yi maka ba, ka faɗi dalili, mu yi gardama har asuba, ina so. Abin da ba zan ƙara yin shiru a kansa ba shi ne hukuncin wanda bai buɗe ba.

Mutumina, na san za ka ga wannan rubutun. Ba gaba muke ba, gobe ma tare za mu shiga mota. Alhaki Kuykuyo Ne yana jakata, bai kai rabin kaurin Chase ɗinka ba. Ka karɓa ka karanta, ranar Litinin ka faɗa mini ko daidai ne da aka mayar da Rabi gidan Alhaji Abdu. Sauran na takarda ma suna ɗakina a Dutsen Kura, mai so ya zo ya ara. Sharaɗi ɗaya ne, a dawo mini da su da bangonsu.

Allah ya ba mu sa'ar difens baki ɗaya. Sai da safe.