Makokin da Ba a Zaman Sa

Idan mutum ya rasu a garuruwanmu, maƙwabta na shimfiɗa tabarma, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in. Amma akwai iyayen da ɗansu na raye cikin ɗaki, sun rasa shi kamar yadda suka san shi, ba kuma wanda ya zo ya ce musu sannu. Muna nufin iyalan masu ciwon taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofireniya.

A shekarar 2022, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 24 ke fama da wannan ciwo, wato ɗaya cikin 300. Yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai lokacin da iyaye ke sa ran cin moriyar yaronsu. Sai ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana zargin har mahaifiyarsa da sa masa guba a abinci.

Galibi uwa ce ko 'yar'uwa ke ɗaukar jinya. Ba barci, ba sana'a. An sayar da awaki, an jinginar da gona wajen zagaye gidajen masu magani kafin a kai ga Pavillon E na babban asibitin Yamai. Ƙannensa mata kuma manema sun janye, wai abin gado ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gajiya da tsoro ke sa wasu su ɗaure nasu da mari, amma mari bai taɓa warkar da kowa ba. Akwai ƙwayoyi da allurar wata-wata da ke kwantar da ciwon, har mutum ya koma gona ko kasuwa. Sai dai in an tsayar da magani don kuɗi sun ƙare, ciwon kan dawo.

Don haka muna kira ga ministan kiwon lafiya da a kai waɗannan magunguna ƙananan asibitocin karkara da farashi mai sauƙi. Malamanmu su riƙa tura iyalai wajen likita, addu'a ba ta hana magani. Gidajen rediyon karkara su ba masu jinya fili su yi magana da junansu, don jin cewa ba kai kaɗai ba ne ma sauƙi ne.

Mu kuma maƙwabta, mu leƙa. Mu karɓi jinyar yini guda uwar ta runtsa, mu daina barin yara na jifan marar lafiya a titi. Allah Ya ba su lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.