Sharhi: Costco ya bi mai saye har Shanghai, alhazanmu kuwa kai kansu suke yi kantunan Madina

Duk wanda ya fito daga Masallacin Annabi (SAW) bayan sallar isha'i a lokacin aikin Hajji, ya kutsa kantunan da ke ƙarƙashin manyan otal-otal na kewayen Harami, ba zai jima ba sai ya ji Hausa. Ba daga bakin alhazai kaɗai ba. Yaran kanti 'yan Bangladesh da Pakistan da Yaman sun iya kiran Hajiya ta zo ta duba, sun kuma iya ƙirga riyal da harshenmu. Kayan da ake tayawa sanannu ne: darduma, carbi, jallabiya, abaya, agogon kiran salla da kayan wasan yara. Idan aka juya su aka duba tambari, galibi sunan ƙasar Sin za a gani, jefi-jefi Turkiyya ko Indiya. In ban da dabino da ɗan abin da ba a rasa ba, tsarabar da alhaji ke komawa da ita Kano ko Maraɗi ta fi shi shan doguwar tafiya kafin su haɗu a Madina.

Wannan ne ya sa labarin kamfanin Costco na Amurka, wanda a zahiri bai shafe mu ba tun da ba shi da reshe ko ɗaya a Saudiyya ko a nahiyar Afirka, ya cancanci mu tsaya a kansa. A ran 27 ga watan Agusta na shekarar 2019 ne kamfanin ya buɗe kantinsa na farko a babban yankin ƙasar Sin, a gundumar Minhang ta birnin Shanghai. Jama'a suka yi cincirindo har motoci suka toshe hanyoyi, masu neman wurin ajiye mota suka yi jiran awa uku, kuma tilas aka rufe kantin tun da rana. Daga bisani aka ƙayyade cewar mutum 2,000 ne kawai za su kasance a ciki a lokaci guda. Kwana huɗu kafin wannan rana, shugaban Amurka Donald Trump, wanda ke tsakiyar rikicin ciniki da mahukuntan Beijing, ya umarci kamfanonin ƙasarsa da su fara neman wata makoma ba Sin ba. Masu saye a Shanghai ba su ji wannan kira ba, Costco ma haka.

Tsarin kamfanin, wanda James Sinegal da Jeffrey Brotman suka kafa a birnin Seattle a shekarar 1983, ba shi da wuyar fahimta ga Bahaushen da ya san watanda. Idan salla ta gabato, mutanen unguwa kan haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka a raba kashi-kashi, kowa ya sami nama da rahusar da ba zai samu a wurin mahauci ba. Abin da Costco ya yi shi ne mayar da watanda sana'ar kullum. Ba a shiga kantinsa sai da katin zama ɗan ƙungiya, wanda a Shanghai aka sa wa yuan 299 a shekara. Kantin kansa sito ne kawai, kaya a jibge a kan katako kamar yadda aka sauke su daga mota. Nau'in kayan bai wuce kimanin 4,000 ba, alhali babban kanti na yau da kullum kan ajiye kusan 30,000. Saboda yana sayen abu kaɗan da yawan gaske, masu masana'antu kan sassauta masa farashi, shi kuma ribar da yake ɗorawa ba ta cika haura kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari ba.

To ina yake samun nasa? A shekarar kasuwancinsa ta 2024, kuɗin katin nan kaɗai ya kawo masa dala miliyan dubu 4 da miliyan 800, yayin da tsabar ribarsa baki ɗaya ta kama dala miliyan dubu 7 da kusan miliyan 400. Kimanin mutum 9 cikin kowane 10 na sabunta katinsu idan shekara ta zagayo. Ma'ana, babbar hajar kamfanin ita ce yardar mai saye cewar ba za a cuce shi ba, ba za a kuma sayar masa da jabu ba. A ƙasar da har yanzu ba a manta da abin kunyar gurɓatacciyar madarar jarirai na shekarar 2008 ba, wannan yarda tana da tsada.

Sai dai kada a ɗauka duk wanda ya kai ƙafarsa Sin ya dawo da riba. A cikin wannan shekara ta 2019 Carrefour na Faransa, wanda ya shiga ƙasar tun 1995, ya sayar da kashi 80 cikin ɗari na harkarsa ga kamfanin Suning. Metro na Jamus, wanda shi ma ɗan sari ne, ya amince ya miƙa wa Wumart irin wannan kaso, Amazon kuma ya rufe kasuwarsa ta cikin gida. Shi Costco bai yi gaggawa ba. Tun 1997 yake Taiwan yana koyon ɗabi'ar masu saye, sa'an nan a 2014 ya fara gwada sayar da kaya ta dandalin Tmall na kamfanin Alibaba, ya shafe shekara biyar yana lura da abin da ake so kafin ya buɗe ƙofar kanti. Reshe na biyu, a Suzhou, sai a ƙarshen 2021, kuma zuwa tsakiyar 2024 rassan bakwai ne kacal. Abokin hamayyarsa Sam's Club na kamfanin Walmart, wanda ya fara a Shenzhen a 1996, ya haura rassa 50 a shekarar 2025. Ko a Shanghai ɗin ma, 'yan kwanaki bayan buɗewa an ga layin masu neman a mayar musu da kuɗin katinsu da zarar garaɓasar ranar farko ta ƙare.

Mu dawo Madina. Abin da Costco ya kashe shekaru da dukiya yana nema, wato taron masu saye waɗanda aka san ranar zuwansu da irin abin da suke buƙata, Madina tana samunsa kowace shekara ba tare da talla ba. Mutum sama da miliyan 1 da dubu 800 ne suka yi aikin Hajji a 2024, akasarinsu kuma sun ziyarci wannan birni, ban da masu Umra. 'Yan kasuwar Saudiyya sun daɗe da ganewa. Kamfanin BinDawood, wanda ya buɗe babban kantinsa na farko a Makka a 1984, ya gina ƙarfinsa ne a kan rassan da ke dab da Haramai biyu, har ya shiga kasuwar hannayen jari ta Riyad a 2020. Sinawa ma sun gane: ƙasarsu ce babbar abokiyar cinikin Saudiyya, kuma daga kasuwar sari ta birnin Yiwu, mai rumfuna kimanin 75,000, ake lodin da yawa daga cikin ƙananan kayan da muke gani a nan.

Wanda bai gane ba shi ne mai sayen kansa. Najeriya ta kai alhazai 95,000 a shekarar 2023. A ƙaddara kowannensu ya kashe dala 200 kacal a kan tsaraba, wanda duk mai iyali ya san an rage. Lissafin ya kama dala miliyan 19 cikin 'yan makonni. Da a hannu ɗaya wannan kuɗi yake, babu masana'antar darduma a Sin ko gonar dabino a Madina da ba za ta tashi tsaye ta tarbi mai shi ba. Amma ana kashe shi ne riyal goma-goma, cikin gajiya da cunkoso, kowa na tayin kansa. Na taɓa tsayawa a wani kanti kusa da Harami ina kallon wata dattijuwa tana sayen carbi dozin uku a farashin ɗai-ɗai, a gefenta kuma wasu mata huɗu masu irin jakarta, wato daga jiha ɗaya suka fito, kowacce na jiran nata juyin don sayen abu iri ɗaya. Ko sannu ba su yi wa juna ba, balle su haɗa ciniki.

Abin takaicin shi ne ba haka kakanninmu suka san hanyar nan ba. Mahajjatan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin da ƙafa, fatauci suke yi a hanya, suna tafe a ayari ƙarƙashin madugu, suna sauka a wurin fatoma wanda ya san farashin gari. Zuriyar da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, tana nan Madina da Makka har gobe. Yau jirgin sama ya taƙaita tafiyar shekaru zuwa sa'o'i, amma ayarin ya watse, an bar mu da jakar guzuri.

Wani zai ce tsarabar Madina ba don arha ake sayenta ba, don albarkar wurin ne, kuma mai karɓa a gida ba ya tambayar masaƙa. Gaskiya ne, ba kuma mai cewa a daina. Wani kuma zai tuna mana cewar manyan kantuna irin na Turawa ba su yi ƙarko a arewa ba, tun da Shoprite da aka buɗe a Kano a 2014 ya rufe a farkon 2024. Wannan ma gaskiya ne, sai dai Shoprite kanti ne na kiri, ya zo ya tarar da Singa da Sabon Gari da Kantin Kwari waɗanda suka fi shi sanin aljihun Bakano. Abin da ake magana a kai a nan daban ne: haɗa kan masu saye.

A ganinmu, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kano da Katsina da Maraɗi, waɗanda 'ya'yansu suka san Guangzhou da Yiwu kamar tafin hannunsu, su ne ya kamata su ɗauki wannan aiki. Alhaji ya yi rajistar abin da yake so tun a gida, a haɗa odar jiha guda, a yi ciniki da masana'anta ko da manoman ajwa kai tsaye ta hannun abokin hulɗa mai lasisi a Saudiyya, domin dokar ƙasar ta tsananta a kan kasuwancin ɓoye da sunan wani. Shi kuma ya karɓi kayansa a masauki, ko ma a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya huta da rigimar awon kaya. Daga nan ne za a iya tambayar dalilin da ya sa hular da alhajin Zariya zai raba wa maƙwabta ba za ta fito daga hannun masu ɗinkin Zariya ba.

Hukumar alhazai ta NAHCON da hukumomin jihohi suna da rawar takawa, amma iyakarta sa ido da ba da sahihin adadin maniyyata. Ranar da aka mayar da abin kwangilar gwamnati, aka cusa kuɗinsa cikin kuɗin kujera ko mutum ya so ko bai so ba, an kashe shi ke nan. Sharaɗin da Costco ya bai wa mutanen Shanghai shi ne duk wanda bai gamsu ba ya dawo da katinsa a mayar masa da kuɗinsa. Duk ƙungiyar da za ta karɓi ko da riyal ɗaya daga hannun maniyyaci, wajibi ne ta rubuta irin wannan sharaɗi a takardar rajista, da Hausa da ajami, kafin jirgin farko ya tashi.