Mariama Bayard, 'yar Maraɗi da ta nemi kujerar shugaban ƙasa, da makomar kason mata a yau

 Duk shekara idan 13 ga watan Mayu ta zo za ku ga mata sun ɗinka anko, an yi jawabai a Yamai da Maraɗi, an ce ranar matan Nijar ce. Da yawa daga cikin masu bikin ba su san mafarin ranar ba. Mafarinta fushi ne.

A 1991, lokacin mulkin Janar Ali Saibou, aka kafa kwamitin da zai shirya babban taron ƙasa, wanda zai buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu da yawa. Da aka duba jerin sunayen, mace ɗaya tak ce a ciki. Ran 13 ga Mayu dubban mata suka fito titunan Yamai suka yi tattaki, suka ce ba za a yanke makomar ƙasa su suna tsakar gida ba. Dole aka ƙara musu kujeru kafin a buɗe taron a ƙarshen watan Yuli. Cikin matan da suka ja gaba a wannan gwagwarmaya akwai Mariama Gamatié Bayard, haifaffiyar Maraɗi a 1958.

Ku lissafa da kanku: yarinyar da aka haifa a 1958 ta shiga lakwal ne a farkon shekarun 'yancin kai, zamanin Diori Hamani, lokacin da ko ɗa namiji sai an yi da gaske kafin iyaye su bari a rubuta shi, balle 'ya mace. Ita ta wuce har lise a Yamai, ta samu bak, ta tafi jami'ar Montpellier a Faransa ta karanci tattalin arziki da zamantakewa. Da ta dawo ta yi aiki kan harkokin ci gaba da na mata, kuma bayan taron ƙasa ta jagoranci ƙungiyar mata ta RDFN. A 1997 Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara ya naɗa ta ministar sadarwa da al'adu, kuma kakakin gwamnati. Ba ta cika shekara a kujerar ba. Akwai masu cewa bai dace wadda ta yi tattakin dimokuraɗiyya ta zama bakin gwamnatin mutumin da ya hau mulki da bindiga a 1996 ba, kuma wannan tambaya ce da ke da hurumi. Daga baya ta yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a ƙasashen da suka sha rikici, irin su Kwaddibuwa da Burundi.

Ba ita ce mace ta farko a gwamnatin Nijar ba. Wannan lambar ta Moumouni Aïssata ce, wadda Ali Saibou ya shigar da ita gwamnati a 1987. Abin da Mariama Bayard ta fara shi ne neman kujerar da ta fi kowace. Bayan rigimar tazarcen Tandja da juyin mulkin Salou Djibo na Fabrairun 2010, aka shirya zaɓe ran 31 ga Janairun 2011. 'Yan takara goma, tara maza, ita kaɗai mace. Ƙuri'un da ta samu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Issoufou Mahamadou da Seini Oumarou suka je zagaye na biyu.

To, a nan ne mutane ke saurin yanke hukunci, su ce ai ga shi nan, mata ma ba su zaɓe ta ba. Ni ban ɗauki maganar haka ba. Duk wanda ya ga yadda ake kamfe a karkararmu ya san ba sunan ɗan takara ake zaɓa ba, jam'iyya ake zaɓa, da mutumin da ya kawo ta garin. A wancan lokaci PNDS, MNSD, Lumana da CDS suna da wakili a kusan kowane ƙauye, suna da motoci, da turamen atamfa, da buhunan gishiri da sukari, da 'yan kasuwa masu zuba kuɗi. Ita ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matar da ke Korgom ko wani ƙauyen Mayahi wataƙila ranar zaɓe ce ta fara ganin hotonta a takardar ƙuri'a. Maza nawa ne masu ƙananan jam'iyyu suka tashi da irin wannan sakamako, ba wanda ya ce laifin jinsinsu ne? Abin da ya fi dacewa a duba shi ne abin da ya biyo baya. A 2016 'yan takara 15 ne, babu mace. A 2020 'yan takara 30, babu mace, ga kuɗin ajiya na shiga takara sefa miliyan 25. Ƙofar da ta buɗe ba a samu mai bi ta cikinta ba.

Inda aka ga canji na gaske shi ne ta hanyar doka. A majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999, cikin depite 83 mace ɗaya ce. A watan Yunin 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Zaɓen 2004 na zuwa mata suka zama 14 cikin 113. A 2014 aka ɗaga kason zaɓe zuwa 15, a 2019 aka kai shi 25, na naɗi kuma 30. Shi ya sa majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020 mata suka kai kashi ɗaya cikin huɗu.

Mu a nan dokar ta fi taɓa mu ta wajen kwamin. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kowace jam'iyya sai ta nemo mata ta sa a jerinta, kuma sau da yawa a ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara ake samo su, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, shekarar tattakin Yamai. Matar da ta saba riƙe akwatin asusu, ta san wa ya biya wa bai biya ba, ta iya tsayawa gaban mutum talatin ta yi magana, ba ta jin tsoron zauren majalisar magajin gari. Gaskiya ne an ga kansilolin da aka sa don cika lissafi kawai, matar wane ko ƙanwar wane, sai an zo ɗaga hannu ake tunawa da su. An kuma ga waɗanda suka tsaya kan maganar famfo, da ɗakin haihuwa, da injin niƙa, abubuwan da namiji kan manta da su saboda ba shi ke zuwa rijiya da asuba ba.

Yanzu fa ina aka kwana? Tun 26 ga Yulin 2023 babu majalisar dokoki. A watan Afrilun 2024 hukumomin CNSP suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari, kansiloli maza da mata kowa ya koma gida. A watan Maris na 2025, bayan babban taron ƙasa na Fabrairu, aka ƙaddamar da kundin sabunta ƙasa, aka ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin shekara biyar, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa duka. Kowa da ra'ayinsa kan wannan, kuma mutane da yawa a nan sun gaji da jam'iyyun, ba boyayyen abu ba ne. Amma kason zaɓe a kan jerin sunayen jam'iyyu yake aiki. Babu jam'iyya, babu jeri, babu zaɓe, to kashi 25 na me za a cire? Abin da ya rage shi ne naɗi, shi kuwa naɗi a Yamai ake yin sa, kuma mai digiri ake nema. Shugabar asusun ƙauye ba ta cikin lissafin.

Nan maganar ta komo kan lakwal. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna 'yan mata 76 cikin 100 a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi ce kan gaba, kusan 9 cikin 10. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, daga baya aka soma gina makarantun kwana na 'yan mata. Uban da ke ƙauye mai nisa da CEG har yau tambayarsa ɗaya ce: gidan wa 'yata za ta zauna, wa zai ciyar da ita? Ku da ke ci-rani kuna aiko da kuɗi, wani lokaci jika biyar ko goma a wata ita ke raba yarinya da barin aji.

Duk ranar da aka zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki da sabuwar dokar zaɓe, layi biyu za mu nema mu karanto muku a wannan tasha: ko kashi 25 da 30 na nan yadda aka bar su a 2019, da kuma ko za su shafi majalisun kwamin irin tamu ta Korgom. Kafin nan muna son sanin mata nawa za a sa a kwamitin da zai yi rubutun.