Ɗan Yaye Da Wayar Baba

Jama'a, duk mai ɗan yaye a gida ya san kallon fim ya zama yaƙi. Ka zauna kallon Labarina, sai ka tarar rimot na cikin randa, waya kuma ta sha wanka a bokiti!

To amma 'yan'uwa, mu daina miƙa masa waya don kawai ya yi shiru. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bari ya yi barci tukuna, fim ba ya guduwa.

Sai wata mai zuwa.