Amsa Ga Masu Cewa Labarin Aku Ɓata Lokaci Ne

 

Tun da muka soma tara samari a zauren dattijon unguwarmu kowace Alhamis bayan La'asar, muna karanta musu littafin farko na Magana Jari Ce, maganganu suke ta iso mana. Wasu sun ce tatsuniya ƙarya ce, bai dace a yi ta a zauren manya ba. Wasu sun ce littafin boko ne. Wasu kuma sun ce ƙasa na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, gari ya cika da 'yan gudun hijira, wa ke da sukunin sauraron tsuntsu? Mun ji, ga amsarmu.

Alhaji Abubakar Imam, mutumin Kagara, ya rubuta littafin nan a Zariya, aka fara buga shi a 1937. Labarin da ya ɗaure sauran labaran shi ne na Sarki Abdurrahman, wanda ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Wazirinsa, mai kwaɗayin sarauta, ya haɗa baki da abokan gaba don a yaudari yaron ya fito ya halaka. Aku ne ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare har sarki ya komo, asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku a gurbinsa.

A lura da inda ɓarna ta shigo masarautar nan. Sarki ba azzalumi ba ne, amma wanda ya amince wa, mai tsayawa tsakaninsa da jama'a, shi ya ci amana. Mu da aikinmu shi ne rubuta ƙorafin mutane mu kai gaban dattijo, mun san nauyin wannan matsayi. Rigimar iyakar gona a lokacin shukar dawa, ko ta kuɗin riɗi tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago, sau da yawa hukuncinta ya riga ya karkata tun a bakin mai isar da magana. Ya rage kalma ɗaya, ya ƙara ɗaya, sai mai gaskiya ya koma gida da hawaye. Yaron da ya gane halin waziri a takarda zai gane shi ran da ya gan shi sanye da rawani.

Masu cewa ƙarya ce, muna tambayarsu cikin ladabi: Kalila wa Dimna fa, wanda Ibnul Muƙaffa'i ya mayar Larabci tun ƙarni na 8? Ba dila ne a ciki ya yi annamimanci tsakanin zaki da sa har aka kashe san ba, daga baya aka gurfanar da dilan gaban shari'a? Ba mu taɓa jin malami ya kore shi daga ɗakin karatu ba. In dabba ta yi magana da Larabci a kira ta hikima, in ta yi da Hausa a kira ta shirme, to, harshenmu aka raina. Masu cewa boko ne kuwa, su duba Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Haɓe a kan karɓar gaisuwa da danne haƙƙin talaka. Ciwon da Shehu ya ambata da hujja shi Imam ya nuna da misali.

Batun yaƙi kuma, shi ne ma ya sa muka dage. Ba mu manta da Yulin 2022 ba, sa'ad da rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a Jihar Bulu Nayil, aka kashe 'yan'uwanmu, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da nan Gadarif. Kafin a zare makami sai da aka daɗe ana yaɗa maganar cewa mu baƙi ne, alhali kakanninmu sun zauna bakin kogin nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu ma tun kafin nan a hanyar hajji. Mu faɗa wa kanmu gaskiya kuma: a kwanakin fushin nan samarinmu sun tura hotuna da saƙonni a waya waɗanda ba wanda ya tantance. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin aiki da labari. Abin da aku ya yi wa Musa ke nan: ya hana shi fita a kan maganar da bai tabbatar ba, ya jinkirta shi har gari ya waye.

Mun yarda da abu guda. Karatun nan ba zai maye gurbin makarantar allo ba, ba mu kuma nufi haka ba. Yawancin 'ya'yanmu Larabci suke karantawa, baƙaƙen boko na Hausa baƙi ne gare su, shi ya sa muke karantawa da murya, wasu ɗalibai suna kwafe abin da suka ji da ajami. Bayan kowane labari muna tambayarsu: wa aka zalunta, wa ya kawo labarin, wa ya bincika?

Wanda ke da shakka, zaure a buɗe yake ranar Alhamis. Ya zo ya zauna, ya ji da kunnensa, sannan ya yanke mana hukunci. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa.