Ra'ayinmu: Kurwar Mai Bi Ba Ta Hannun Maye

Duk wanda ya san ƙauyukan Kara da kewayenta, tsakanin Gwarzo da Kabo, ya san abin da kan biyo bayan rasuwar yaro. Ba a gama zaman makoki ba za a fara raɗa, wai an kama kurwarsa. Kafin kwana uku an nuna wata tsohuwa da yatsa, yawanci gwauruwa marar mai tsaya mata. Idan kuwa yaron yana kwance da sauran numfashi, sai a jawo ta a ce ta tsallake shi don ta sake shi. Abin baƙin ciki, akwai masu yin wannan da suke zaune a kan bencin majami'a kowace Lahadi, wasu ma suna cikin zumuntar mata ko ƙungiyar mawaƙa.

Ba mu ɗauki wannan a kan mugunta kawai ba. Iyayenmu Maguzawa sun bar mana koyarwa cewa kurwa wani abu ne da kan fita yawo in mutum yana barci, maye kuma yana iya tare ta ya ɓoye ya ci. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 yana rubuta irin waɗannan al'adu. Bishara ta shigo, an bar tsafi, an bar yanka wa iskoki, amma tsoron kurwa ya bi mutane har cikin ikilisiya, domin ba a zauna an koya musu abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa a kan rai da ruhu da mutuwa ba.

To, me ya faɗa? A Farawa 2:7 an nuna Allah ya siffata mutum da ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashi, sa'an nan mutum ya zama rayayye. Kalmar Ibrananci da ke wurin ita ce nefesh, ta fito fiye da sau 700 a Tsohon Alkawari, kuma sau da yawa tana nufin mutumin ne ɗungum, mai jin yunwa da ƙishi da ɓacin rai. Ba wani ɗan tsuntsu ba ce da ke cikin ƙirji wanda za a iya sacewa a sa a tukunya. Kalma ta biyu ita ce ruwak, wadda kan zo da ma'anar iska, ko numfashi, ko ruhu. Mai Hadishi 12:7 ya koyar cewa a ranar mutuwa ƙura takan koma ƙasa, ruhu kuwa ya koma wurin wanda ya ba da shi. A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Idan ruhu daga wurin Allah ya fito, kuma wurinsa zai koma, a ina ne maye ya sami hanyar tare shi?

Malaman tauhidi sun daɗe suna gardama ko mutum kashi biyu ne, jiki da rai, ko kashi uku, jiki da rai da ruhu. Masu cewa uku suna riƙe da 1 Tasalonikawa 5:23 da Ibraniyawa 4:12. Masu cewa biyu suna nuna wuraren da aka yi amfani da kalmomin a madadin juna, kamar waƙar Maryamu a Luka 1:46-47. A ganinmu wannan gardamar ɗalibai ce, ba ta isa ta raba ikilisiya ba. Bangarorin biyu sun yarda da abin da Yesu ya koyar a Matiyu 10:28, cewa iyakar ikon mutum shi ne ya kashe jiki, ran kuwa Allah kaɗai ke da iko a kansa.

Akwai kuma masu bi gida-gida da ƙasidu suna cewa matacce ya ƙare ke nan, bai san kome ba har ranar tashi. Gaskiya ne Sabon Alkawari yakan kira mutuwar mai bi barci, kamar yadda Yesu ya yi a kan Li'azaru a Yahaya 11. Amma ɓarawon da ya tuba a kan gicciye, a ranar nan aka yi masa alkawarin Firdausi (Luka 23:43). Bulus kuma, yana ɗaure, ya rubuta wa Filibiyawa cewa tafiya wurin Almasihu ta fi masa zama a duniya. Ba wanda zai yi marmarin abin da ba zai san yana ciki ba. Jiki ne ke barci a kabari yana jiran tashi, kamar yadda 1 Korantiyawa 15 ya yi bayani dalla-dalla da misalin iri da ake shukawa, misalin da kowane manomin dawa zai gane ba sai an fassara masa ba.

Haka nan batun fatalwa. A misalin mai arziki da Li'azaru, Luka 16, mai arzikin ya roƙa a aika wani ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, ba a yarda ba. Matattu ba sa yawo a bakin rafi ko gindin tsamiya. Wani zai ce, ai Saul ya sa an kira masa Sama'ila a Endor. Lalle an rubuta haka a 1 Sama'ila 28, sai dai a ƙarasa karatun: Saul ya mutu a Dutsen Gilbowa, 1 Tarihi 10:13 kuma ya lissafta zuwansa wurin matar nan cikin laifofin da suka jawo masa mutuwa. Maimaitawar Shari'a 18 ta riga ta hana tuntuɓar matattu.

Ba mu ce Shaiɗan ba ya aiki ba, Littafi bai ce haka ba. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki ikon da ke na Allah a ɗora wa wata tsohuwa don idonta ya yi ja saboda hayaƙin murhu. A 1996 sanƙarau ya kashe mutane fiye da dubu 11 a ƙasar nan, Kano na cikin inda ya fi tsanani. Wuya ya sanƙare, yaro ya yi ta fizge-fizge, ya yi sambatu yana kiran sunan maƙwabciya. Zazzaɓin cizon sauro ma in ya hau kai haka yake yi. Sa'o'in da ake ɓatawa wajen neman wadda za ta tsallake shi, su ne sa'o'in da ya kamata a ce yana asibitin Gwarzo. Dokar ƙasa ma, wato Final Kot, ta sa zargin mutum da maita cikin laifofin da ake hukuntawa.

Saboda haka muna kira ga fastoci da katikis da dattawan ikilisiya su sa wannan koyarwa cikin darasin masu shirin baftisma da na makarantar Lahadi, kada a jira sai ranar jana'iza, lokacin da kunne ba ya ji. Duk memban da ya kira wani maye, a zauna da shi bisa ga Matiyu 18, in ya ƙi janyewa a sa shi ƙarƙashin horo. Wadda aka zarga kuwa, dattawa su je gidanta da rana tsaka kowa na gani, su ci tuwonta, ranar Lahadi kuma matar fasto ta zauna kusa da ita.