Rumbun Bayanan Kamfani: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk kamfanin da ya bar rubuta lissafi a littafi ya koma kwamfuta, tilas ya zaɓi irin rumbun da zai adana bayanansa. Masu kamfanoni da dama sukan bar wannan shawara a hannun ɗan kwangilar da ya kawo na'urori, alhali kuwa na'ura takan tsufa a sauya ta, amma bayanan bashi da na haja suna nan daram shekara da shekaru. Akwai tsari 3 da ya kamata mai dukiya ya san bambancinsu.

Na farko shi ne tsarin jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM a Amurka ya bayyana a 1970. A nan, sunayen abokan ciniki na da jadawalinsu, kayayyaki na da nasu, ciniki ma da nasa, kuma lamba ce ke haɗa su. Amfaninsa shi ne manaja na iya tambayar abin da ba a yi tunaninsa ba tun farko, kamar waɗanda bashinsu ya wuce kwana 90, ta hanyar harshen SQL da aka daidaita ƙa'idojinsa a 1986. Oracle ya shiga kasuwa da wannan tsari a 1979, DB2 kuma a 1983.

Na biyu shi ne tsarin dunƙule, wanda ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1980 da manhajoji irin su GemStone da ObjectStore. Shi yana ajiye abu ɗungurungum tare da sassansa, kamar zanen inji mai ɗaruruwan ɓangarori, ba tare da an rarraba shi a jadawali ba. A irin wannan aiki yana da sauri. Sai dai bayanan sukan ɗaure da harshen da aka rubuta manhajar da shi, kuma ƙungiyar da ta yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojinsa ta watse a 2001. Kamfanin da ya zuba lissafinsa a ciki yakan sha wuya ranar da yake son ƙaura.

Na uku shi ne tsarin haɗaka, wanda ya riƙe jadawali da SQL, sannan ya buɗe ƙofa ga sababbin nau'o'in bayani kamar taswira. Michael Stonebraker ya fara aikin Postgres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, daga nan aka samu PostgreSQL da ake amfani da shi kyauta. Oracle ma ya ƙara irin wannan dama a 1997.

Darasin a fili yake. Abin da aka yi wa shela a matsayin magajin jadawali bai ture shi ba. Jadawalin ne ya ɗebi abin da ke da amfani a cikinsa ya ci gaba. Saboda haka banki, kamfanin inshora ko babban dillali da aikinsa kuɗi ne da haja, ya tsaya kan jadawali ko haɗaka, ya bar tsarin dunƙule ga masu aikin da ya dace da shi.

Kafin mai kamfani ya sa hannu a kwangila, ya kamata ya nemi amsar tambaya 2 a rubuce: idan ɗan kwangila ya tafi, akwai ma'aikata a Kano ko Legas da za su iya riƙe rumbun? Kuma ta wace hanya za a kwashe bayanan gaba ɗaya zuwa wani wuri? Wanda bai samu amsa ba, ya riƙe kuɗinsa.